Ɗauko ma'aikaci daga wata ƙasa: yadda ake yi daga Zariya, tun daga nema har sallama

Wanda ya yi sakandare a Zariya a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 da wuya ya rasa tuna wani malamin lissafi ɗan Indiya, ko na kimiyya ɗan Pakistan, ko ɗan Gana mai koyar da Turanci. A lokacin gwamnati ce ke ɗauko yawancinsu, ita ke ji da takardunsu da gidajensu, naira kuma tana da ƙarfin da mutum zai baro garinsu dominta. Yau abin ya dawo hannun masu zaman kansu: mai makaranta a Tudun Wada da ke neman malamin Faransanci, mai asibiti a Sabon Gari da ke neman likita, mai injin abincin kaji a hanyar Jos da ke neman wanda zai haɗa masa injin da ya sayo daga waje.

Ni ma a nan na koyi abin. Ina kula da harkokin ma'aikata a wata makaranta mai zaman kanta, mun ɗauko malami daga Maraɗi da wani daga Sudan, na kuma taya wani aminina ɗawainiyar makanikinsa ɗan Indiya. Abin da na fahimta shi ne tsohon tsarin fatoma bai mutu ba, rigar boko kawai ya sanya. Da can in bafatake ya sauka zango, fatoma ne ke ba shi ɗaki, ya nemo masa mai saye, in an cuce shi ya tsaya masa, in ya ci bashi ya gudu shi ake kamawa. Haka Hukumar Shige da Fice take kallonka. Cikin takardun da za ka sa wa hannu akwai wasiƙar da kake cewa ka ɗauki alhakin zaman mutumin a ƙasar nan. Daga ranar, wuyanka yana ciki har ya koma gida.

Ka fara tabbatar da cewa babu shi a gida

A garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga asibitin koyarwa da cibiyar binciken dabbobi a Shika, ga cibiyar binciken aikin gona da ta fasahar fata a Samaru, ga kwalejin Nuhu Bamalli, abin kunya ne ka haye iyaka neman abin da ke zaune a unguwar Kongo ta nan Zariya yana jiran aiki. Ka leƙa sashen da ya dace, ka tambayi malamai, ka ba da sanarwa. Wannan ba kishin gari kaɗai ba ne. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ba ta ba da izinin ɗauko baƙo kan aikin da 'yan ƙasa suka iya, kuma za ta so ganin dalilinka. Sannan ka yi lissafin gaskiya: albashi, tikiti zuwa da komawa, gida, kuɗin katin zama da ake biya da lissafin dala, ladan lauya. Da yawa a nan suke fasawa, kuma sun yi daidai.

Wace ƙofa zai shigo ta?

Nan ne aka fi yin kuskure, domin hanyar ta danganta da fasfon mutum da kuma tsawon aikin.

Ɗan ƙasashen ECOWAS, kamar Gana, Benin, Togo, Senegal ko Saliyo, yana shigowa ba biza bisa yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, ya zauna har kwana 90. Amma kwana 90 ɗin na ziyara ne. In aiki zai yi ya zauna, sai an yi masa katin zama na ECOWAS a ofishin shige da fice na jiha, wato Kaduna a gare mu, kafin wa'adin ya cika. Ba ka buƙatar neman kota, wato izinin ɗauko baƙo da ake ba kamfani, dominsa, wanda shi ne babban sauƙin.

Maƙwabtanmu na Nijar sai an yi musu bayani daban. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairu 2025. A ranar ƙungiyar ta sanar da cewa za a ci gaba da karɓar fasfonsu da katin shaidarsu, a kuma bar su su shiga, su zauna, su yi sana'a kamar da, har sai an fitar da wani sabon tsari. Abu ne na wucin gadi ke nan. Kafin ka kira mutum daga Damagaram ko Tawa, ka je ofishin shige da fice ka ji abin da ake ciki a wannan watan. Kada ka ce ai Bahaushe ne, wa zai gane? Mai shingen hanya tsakanin Jibiya da Katsina yana ganewa daga kalma biyu. Ka kuma tuna an rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. Wanda ya tafi hutu a irin wannan lokaci yana iya maƙalewa can, aji kuma ya zauna ba malami.

Kamaru da Chadi maƙwabta ne amma ba sa cikin ECOWAS. In aiki ne ya kawo ɗansu, hanyarsa ɗaya da ta ɗan Sudan, Masar, Indiya ko Sin: kota, biza, katin zama.

Sai wanda zai zo na ɗan lokaci, ya haɗa inji ko ya horar da yaranka ya koma. Shi izinin aiki na wucin gadi ake nema masa, wanda ake kira TWP. Kamfaninka ne zai rubuta wa Kwanturola Janar na shige da fice, in an amince sannan a ba shi biza. Aminin nan nawa bai san haka ba. Wani ejan ya ce masa a kawo makanikin da bizar kasuwanci, ta fi sauri. Bizar kasuwanci ta halarta taro ce da duba harka, ba ta halatta riƙe sifana. Kwana huɗu da fara aiki, mutumin yana kwance ƙarƙashin inji hannu duk baƙin mai, sai ga jami'ai sun shigo suna neman fasfo. Da daddare ya kira ni: "Malam, an tafi da Ba'indiyen nan, ga inji a warwatse, ga masara tirela biyu a ƙofa." Na ce, "Alhaji, wace biza ka yi masa?" Ya yi shiru. Abin da ya kashe kafin a warware maganar, da asarar makonnin da injin ya yi a kwance, ya ninka abin da ya so ya tsimi. Ejan kuwa wayarsa ba ta sake shiga ba.

Nema da gwaji

Hanyar da ta fi ba ni sakamako ita ce ta mutane: ɗalibai da malaman jami'a da suka yi karatu a ƙasar, 'yan kasuwar da ke zirga-zirga, ko kamfanin da ya sayar maka da inji. LinkedIn yana da amfani ga masu manyan takardu. In ta hannun kamfanin samar da ma'aikata za ka bi a nan gida, ka nemi ganin lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Duk wanda ke karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki kafin ya kawo maka shi, ka guje shi, domin mutum zai iso maka da bashi a ka, hankalinsa rabi a wurin aiki rabi a wurin mai binsa.

Ganawa ta bidiyo ta WhatsApp ko Zoom ta wadatar a farko, amma ka sa shi ya yi aikin a gabanka. Malami ya koyar da darasi na minti ashirin, ka zaunar da ɗalibai uku su saurara, ka tambaye su ko sun gane. Makanike ya nuna maka injin da yake aiki a kai yanzu, ya faɗi abin da ke yawan lalacewa a jikinsa. Ka kira inda ya yi aiki a baya da lambar da ka samo da kanka, ba wadda ya ba ka ba. Ka lura da agogo: Nijar lokacinmu ɗaya, Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gabanmu da awa ɗaya, Indiya da awa huɗu da rabi.

Takardun karatu sai an tantance. Digirin waje Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke duba shi a Abuja ta faɗi matsayinsa. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, don haka takardar da ta fito daga can tana buƙatar ido biyu. Na ƙasashe masu Faransanci sai an fassara su wurin wanda hukuma ta yarda da shi, kuma sunayensu daban ne: abin da suke kira lisans shi ne digirin farko, bakaloriya kuma shaidar gama sakandare. Bayan wannan akwai rajistar sana'a. Likita ba ya taɓa majiyyaci sai da lasisin majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, komai ƙwarewarsa a ƙasarsu. Injiniya sai rajistar majalisarsu, COREN, malamin makaranta sai ta TRCN, ma'aikatan jinya da masu haɗa magani su ma da majalisunsu. In wani abu ya faru a asibitinka aka tarar likitan ba shi da lasisin nan, kai da shi za ku amsa.

Yarjejeniya, musamman maganar kuɗi

Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Ga wanda zai baro ƙasarsu, wata uku ya yi nisa. A gama rubutawa, kowa ya sa hannu, tun yana gida. In ba ya jin Turanci sosai a yi masa kwafi da Faransanci ko Larabci, a kuma rubuta wanda za a koma gare shi in fassara ta saɓa.

Ko da Hausa kuke magana kada ka saki jiki. A Maraɗi malamin boko "mushe" ake ce masa, kuma ranar da malaminmu ya gabatar da kansa da haka a ajin farko sai da aka yi minti biyar ana kwantar da dariya. Wannan mai sauƙi ne. Mai haɗarin shi ne lissafi. A wurinsu jaka ɗaya sefa dubu ce, a wurin dattawanmu naira ɗari biyu. Dala a bakinsu sefa biyar ce, a bakinmu kuɗin Amurka. A rubuta adadi da lamba da kuma kalmomi, da sunan kuɗin a cike.

Sai babbar tambaya: da wane kuɗi aka yanka albashin, kuma wa zai ɗauki asara in canji ya motsa? Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya, ba ta rawa kamar tamu. Naira kuwa da aka sake ta a Yunin 2023 tana wajen 460 kan dala a farashin hukuma, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Mu da naira muka yi da malamin Maraɗi, kuma a lokacin kowa ya gamsu. Wata rana bayan an tashi ya shigo ofis da wani ɗan littafi da yake rubuta abin da yake aika wa gida duk wata. Ya buɗe, ya tura mini, ya ce, "Malam, ban zo ƙorafi ba, duba kawai. Albashina bai ragu ba, amma abin da ke isa hannun iyali ya koma kusan rabi." Ba mu karya alkawari ba, amma mutum ya baro 'ya'yansa ne saboda abin da ke isa gida da farko, yanzu kusan rabinsa ke isa. Da bai faɗa ba, da sai dai mu ji bai dawo daga hutun ƙarshen zango ba.

Abin da muka koma yi, kuma shi nake ba kowa shawara: a raba albashin biyu. Kashin da zai ci a nan a yanka shi da naira. Kashin da zai aika gida a ɗaure shi da sefa ko dala, a biya da naira bisa canjin ranar biya, a kuma rubuta farashin wace kafa za a duba. In ba za ka iya ɗaukar wannan ba, a rubuta cewa za a zauna a sake duba albashi duk wata shida, ko duk lokacin da canji ya motsa da wani kaso da kuka amince. Ka kuma san sefa iri biyu ce, ta yamma da Nijar da Benin ke amfani da ita, da ta tsakiya ta Kamaru da Chadi. Darajarsu ɗaya amma ba a kashe wannan a ƙasar waccan.

Sauran abubuwan da ba za a bari a baki ba: wa ke biyan gida, wuta da magani, hutun shekara da kuɗin motar zuwa gida, lokacin gwaji, tsawon notis, wa zai biya tikitin komawa in aiki ya ƙare ko an raba gari, ko zai zo da iyali. Da abin da mutane ke ƙin ambata, wato rasuwa. In ta Allah ta kasance, a nan za a yi jana'iza ko gida za a kai shi, wa za a kira, wa zai karɓi haƙƙinsa? Rubuta shi ba ya jawo ta. A ƙarshe a faɗi cewa dokar Najeriya ce ke hukunci, rigimar aiki kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa take zuwa, tana da reshe a Kaduna.

Kota, biza, kati

Ga wanda ba ɗan ECOWAS ba, jerin yana da tsari, kuma ba a tsallake ɗaya. Da farko kamfaninka ya kasance da cikakkiyar rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da shaidar biyan haraji. Sai ka nemi kota a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Kota izini ne da ake ba kamfani kan wani muƙami, misali shugaban sashen gyaran injuna, ba kan sunan mutum ba. Tana da wa'adi, ana sabunta ta, ba ta har abada ba ce. Za a nemi takardun rajista, shaidar wurin aiki, bayanin muƙamin, da tsarin horar da 'yan ƙasa, domin kowane baƙo ana son a haɗa shi da 'yan Najeriya biyu masu ilimin fannin da za su koya su gaje shi. Masu kamfani da yawa suna rubuta sunayen ne kawai don cika takarda. Wauta ce. Yaran nan biyu su ne ribar da za ta rage maka bayan baƙo ya tafi.

Da kota ta fito, sai ka aika masa wasiƙar ɗauka aiki da kwafin kotar da wasiƙar ɗaukar alhaki, shi kuma ya sa hannu a ta amincewa, ya nemi bizar zuwa aiki da aka fi sani da STR daga ƙasar da yake zaune. Tana ba shi kwana 90 bayan shigowa. Cikin kwanakin nan kai za ka nemi a daidaita zamansa a ba shi katin CERPAC, wanda shi ne izinin zama da aiki, ana kuma sabunta shi. Kada ka jira kwana na tamanin. Tun Mayun 2025 an mayar da yawancin wannan aiki kan intanet, kuɗaɗen kuma suna canzawa, don haka ka duba shafin hukumar a ranar da za ka biya, ka biya ta inda aka tanada, ka riƙe rasit. A Fabrairun 2024 an taɓa ƙaddamar da harajin ɗaukar baƙi, dala 15,000 kan darakta da 10,000 kan sauran ma'aikata a shekara, aka dakatar da shi cikin Maris bayan masu masana'antu sun yi ca. Irin wannan yana iya dawowa, ka bar masa gurbi a lissafi. Katin rigakafin shawara kuma ya taho da shi, ana tambaya a filin jirgi.

Makonnin farko

Ka je ka tarye shi da kanka ko ka aika wanda ya san fuskarsa, ko filin jirgin Malam Aminu Kano ne ko tashar Kwangila. Ka sa ya iso da rana. Ɗaki ya zama a shirye, da ruwa da abin girki, da ɗan kuɗin kashewa kafin albashin farko. Layin waya sai da lambar NIN, asusun banki sai da BVN, su kuma suna jiran takardar zama, don haka makonnin farko a hannunka zai rayu. Ka kai shi wurin mai unguwa a san da shi. Ka gaya masa abin da ɗan gari ya sani ba a faɗa masa ba: hanyoyin da ba a bi da dare, yadda ake gaida manya, sanyin hunturun Samaru ga wanda ya fito daga bakin teku.

Fasfonsa nasa ne. Ka ɗauki kwafi ka mayar masa. Riƙe fasfon ma'aikaci don kada ya gudu yana cikin alamomin da hukumar NAPTIP ke ɗauka a matsayin safarar mutane. Haka ɗauko ƙananan yara daga ƙetare aikatau, ko da iyayensu ne suka miƙo su.

Duk wata akwai abin yi. Harajin albashinsa a cire a kai wa hukumar haraji ta Jihar Kaduna, KADIRS, kafin 10 ga watan da ke biye, domin baƙon da ke aiki a nan yana biya kamar kowa. Kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi yana tafiya asusun NSITF saboda raunin wurin aiki. Mai kota kuma yana aika wa shige da fice rahoton baƙinsa duk wata. Ka rubuta ranar ƙarewar fasfo, kati da kota a kalandar ofis, da jan biro, wata uku kafin lokacin.

In daga ƙasarsu zai yi maka aiki

Mai zanen manhaja a Akara ko mai koyar da Larabci ta bidiyo daga Alƙahira ba ya buƙatar biza ko kota, tunda bai shigo ba. Amma dokar ƙwadago da harajin ƙasarsu ne ke kansa. In aiki ne mai iyaka, ku yi kwantiragi: ga abin da zai kawo, ga rana, ga kuɗi kashi-kashi, ga wanda ya mallaki aikin bayan an biya. In kuwa kullum ne, kai ke yanka masa lokaci, ba ya yi wa kowa sai kai, to hukumar ƙasarsu tana iya ɗaukarsa cikakken ma'aikacinka, ta nemi kuɗin fansho, kamar SSNIT a Gana ko CNSS a Nijar. Akwai kamfanoni irin su Deel da ke ɗaukar mutum da sunansu a can, su biya shi bisa dokar ƙasar, kai ka biya su lada. Suna da tsada, amma sun fi buɗe reshe araha. Biya kuma ta banki ya fi, ko da ɗan canji ya fi sauri, saboda ranar da aka yi musu, takardar banki ce shaida.

Sallama

In aiki ya ƙare, ko shi ya ajiye ko kai ka sallame shi, ka ba da notis yadda aka rubuta, ka biya shi duk haƙƙinsa, ka ba shi takardar shaidar aiki da ta biyan haraji. Sannan ka rubuta wa Hukumar Shige da Fice cewa ya bar aikinka, a soke katin da ke ɗaure da kamfaninka, gurbin kotarka ya dawo fili. In wani kamfani zai koma, ba ya tafiya da katinka. Sabon mai gidan ne zai nemi a sauya, kai kuma ka ba da takardar saki. Wanda ya ɓace ba sallama, ka kai rahoto a rubuce cikin makon, ka karɓi kwafi mai hatimi ka ajiye a fayil ɗinsa. Muddin ba ka yi haka ba, a littafin hukuma yana nan a hannunka, ko da shekara biyu ke nan rabonka da shi.